Zambo ko Yabo? Matsayin Baƙo da Mai Masauki a Wasan Talabijin na The White Lotus

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna rarrabe zambo da habaici da ba'a, musamman a fagen waƙar baka, amma ba a cika ɗaukar waɗannan ma'aunai a gwada su a kan adabin wasu al'ummu ba. Abin da aka saba gani shi ne a ɗauko ra'in Turawa a ɗora wa Jatau na Kyallu ko Uwar Gulma, a ga ko sun cika mudu. Wannan maƙala za ta bi akasin hanyar. Za ta ɗauki wasan talabijin na Amurka mai suna The White Lotus, wanda Mike White ya rubuta kuma ya ba da umarni, ta auna shi da mudun Bahaushe. Wasan ya shahara a matsayin zambo ga masu hannu da shuni. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, zambonsa irin na mawaƙin fada ne, wato zambon da ke yi wa yabo hidima. Za a kafa hujja da al'adar saukar baƙi ta garin Nguru, sannan a ƙarshe a juyo da ma'aunin gida, a kan Gashuwa da wasannin Hausa su kansu.

2.0 Zubin Wasan

Tashar HBO ta fara nuna wasan a shekarar 2021. Zango na farko, mai kashi 6, an ɗauke shi a tsibirin Maui na Hawai. Na biyu, mai kashi 7, a garin Taormina na tsibirin Sisili a Italiya, ya fito a 2022. Na uku, mai kashi 8, a ƙasar Tailan, ya fito a 2025. Zubinsu ɗaya ne. Akan buɗe da alamar cewa an yi mutuwa, ba tare da an faɗi ko wane ne ba, sai a koma baya da mako guda, a nuno attajirai a cikin jirgin ruwa sun nufo wani ƙasaitaccen otal, ma'aikata kuma sun jeru a bakin gaɓa suna murmushi suna ɗaga hannu. Daga nan har zuwa ranar tafiya, kullum safiya sai a tara baƙin a wurin karin kumallo, kullum dare a wurin cin abinci, inda rigingimun miji da mata, da na uba da 'ya'ya, da na aminai ke fitowa fili sannu a hankali.

Sunan otal ɗin, wanda shi ne sunan wasan, ana iya fassara shi da Farin Bado. Marubucin ya jingina shi da tsohon labarin Girkawa na wasu mutane da ke cin wani tsiro su manta da gida da duk wani nauyi da ke kansu, har ma ya sa manajan otal ɗin ya karanto wani yanki na waƙar Tennyson ta 1832 a kan wannan labari. Abin lura a nan shi ne, a fadamun Nguru da Gashuwa bado ba abincin mantuwa ba ne. Abinci ne da talaka ya san shi a shekarun yunwa, lokacin da rumbu ya ƙare. Tun daga sunan ke nan ana iya ganin ta inda wasan ya tsaya yana kallon duniya.

3.0 Baƙo da Mai Masauki

Kalmar baƙo a Hausa ta haɗa abu biyu da Ingilishi ya raba: wanda ba a sani ba, da wanda aka saukar. Duka biyun mabuƙata ne. Baƙo bai san hanya ba, bai san farashi ba, bai san wanda za a amince wa ba, shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Girma yana wajen mai masauki domin shi ke bayarwa.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan baƙuncin zumunci ne, ba za a gwama shi da otal da ake biya ba. Sai dai Bahaushe ma ya san baƙuncin kasuwa. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama matattarar fatake masu shanu da gyaɗa da ƙaro da fatu, daga ƙasar Manga da Bade da kuma tsallaken iyaka a Nijar. Irin waɗannan fatake a gidan fatoma suke sauka. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, wato ɗaya daga cikin wuraren da shanun Arewa ke ƙarewa, ya bayyana yadda tsarin yake aiki: mai gida yana ba falke ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashin mahauta, ya ajiye masa kuɗi, ribarsa kuma ta fito daga la'ada. Ciniki ne tsantsa, babu shakka. Amma jarin mai gida sunansa ne. Falke yana tambayar gidan wane ne tun daga tasha, kuma ko ya fi mai gidan dukiya sau goma, da mai gida zai kira shi.

Da wannan ma'auni za a fi gane abin da ya faru da Armond, manajan otal a zango na farko. A ranar farko ya koya wa sabuwar ma'aikaciya, Lani, cewa kada ma'aikaci ya bari a san shi a matsayin wani mutum na musamman. Ya zama mai fara'a wanda za a iya musanya shi da wani ba tare da baƙo ya lura ba. Wato otal ya ɗauki aikin fatoma ya cire masa suna. Shimfiɗar fuska, wadda Bahaushe ya ce ta fi ta tabarma, ta koma kayan aiki kamar tawul da zanen gado. Wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a wasan gaba ɗaya, kuma Murray Bartlett, wanda ya fito a matsayin Armond, ya iya nuna murmushin da ke gab da tsagewa.

Rigimar da ta kashe Armond ba ta taka kara ta karya ba. Wani ango mai suna Shane, wanda mahaifiyarsa ta biya masa kuɗin ɗaki mafi tsada, ya tarar an sa shi a wani ɗakin daban. Armond ne ya yi kuskuren, ya kuma ƙi amsawa. Shane ya bar amaryarsa Rachel ya shiga farautar manaja har tsawon mako. Shi kuwa Armond, wanda ya shekara 5 da barin shaye-shaye, ya koma ruwa. Da ya tabbata za a kore shi, sai ya shiga ɗakin Shane ya yi bahaya a cikin akwatin tufafinsa, Shane ya shigo ya zaci ɓarawo ne, ya soke shi da wuƙa. 'Yan sanda suka sallami Shane, amaryar da ta ce ta gaji da auren ta komo gare shi a filin jirgi, gawar Armond kuma aka loda ta a jirgin da zai hau. Ƙazantar da ke cikin wannan fitowa ba za ta yi wa mai kallo Bahaushe daɗi ba, amma tana da ma'ana: mutumin da aka hana shi magana da bakinsa, wannan ne kaɗai martanin da ya rage masa.

Labarin Belinda, shugabar sashen tausa, ya fi wannan ciwo domin babu hayaniya a cikinsa. Wata attajira mai suna Tanya, wadda ta zo watsa tokar gawar mahaifiyarta a teku, ta maƙale mata, ta yi mata alkawarin jarin buɗe wurinta na kanta. Belinda ta zauna ta rubuta tsarin kasuwancin. Da Tanya ta sami namijin da ya kula ta, sai ta miƙa mata ambulan na kuɗi ta ba ta haƙuri. Babu mugunta a zuciyar Tanya, kuma nan ne gwanintar marubucin take. Ya nuna cewa mai dukiya ba ya buƙatar mugun nufi kafin ya yi ɓarna. Mantuwa kawai ta ishe shi.

Amma akwai mutum biyu da wasan ya yi wa abin da yake zargin baƙin da shi. Lani, wadda ta ɓoye cikinta don ta sami aiki, naƙuda ta kama ta a kashi na farko, daga nan ba a sake ganinta ba. Kai, saurayi ɗan asalin Hawai wanda ke rawar gargajiya don nishaɗin baƙi, ya shaida wa wata baƙuwa mai suna Paula cewa ƙasar da otal ɗin ke kai an ƙwace ta ne daga danginsa. Maganar tana da tushe a tarihi, domin an kifar da sarautar Hawai a 1893, Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898. Paula ta zuga shi ya saci awarwaron matar da ta kawo ta hutu, asiri ya tonu, aka kama shi. Kamun nasa ba a nuna shi ba, labari kawai aka ji. Abin da aka nuna shi ne yadda fashin ya gyara auren matar da mijinta, wanda ya zama jarumi a idonta saboda ya kai mata ɗauki.

Masu kare wasan sukan ce da gangan aka yi haka, don mai kallo ya ɗanɗana yadda attajiri ke mantawa da talaka. Ba a musun cewa da gangan ne. Tambayar ita ce ko niyya tana canza sakamako. Mai kallo ya shafe sa'o'i 6 yana sanin ciwon zuciyar kowane baƙo, da tarihin mahaifinsa, da abin da ke hana shi barci, amma bai taɓa shiga gidan su Kai ba, bai ga fuskar 'yan'uwansa ba. Wanda aka sani shi ake tausaya wa, ko da ana yi masa dariya. Kyamara tare da baƙi ta sauka, tare da su ta tashi.

4.0 Harshen 'Yan Gida

Ga mai nazarin harshe, abin da ya fi jan hankali shi ne yadda rabon 'yan gida a kowane zango yake tafiya daidai da rabon harshensu. A zangon Hawai kusan babu wata hira da aka yi da harshen tsibirin. Ana jin sa a kalmomin maraba da cikin kiɗa, wato a matsayin ado, kuma a wannan zango ne 'yan gida suka yi asara baki ɗaya.

A zangon Sisili lamarin ya juya. Lucia, mace mai zaman kanta, da ƙawarta Mia mai son zama mawaƙiya, da manaja Valentina, suna doguwar hira da Italiyanci, ana rubuta fassara a ƙasa. Mai kallo yana jin abin da baƙi ba su ji. Sakamakon haka baƙo ya koma matsayinsa na asali, wato makaho a garin mutane. Lucia ta shirya wa wani saurayi, Albie, wasan kwaikwayo na cewa wani mugu yana bin ta, ta karɓe masa Yuro 50,000, Mia ta sami aikin kiɗa a otal, zangon kuma ya rufe da su biyun suna tafe a titin garinsu cikin nishaɗi. Akwai ma wata 'yar fitowa da ta fi kowace daɗi, inda Albie da mahaifinsa da kakansa suka je ƙauyen da kakanninsu suka fito, suna tsammanin za a rungume su, amma babu mai jin Italiyanci a cikinsu, matan gidan suka fatattake su. Wanda ya yar da harshe ya yar da masauki.

Zangon Tailan ya tsaya a tsakiya. Gaitok mai gadi da Mook da yake so suna magana da harshensu, amma abin da suke tattaunawa bai wuce yadda zai sami ƙarin girma a otal ba. Ya samu kuwa, bayan ya harbe mutum ta baya, abin da addininsa na Buddha ya hana shi. Belinda ta sake fitowa a wannan zango, ta karɓi dala miliyan 5 daga mijin marigayiya Tanya don ta yi shiru a kan mutuwarta, sannan ta yi wa abokin aikinta Pornchai daidai abin da aka yi mata. Wannan juyi ya yi kyau a takarda, amma ya yi sauri, kuma darasinsa mai arha ne: kowa ma haka yake in ya samu. Attajirin da ke kallo babu abin da zai fi kwantar masa da hankali kamar wannan.

5.0 Zambon Fada

M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna yadda maroƙi ke juya yabo ya koma suka idan aka hana shi. Wannan zambo ne mai haƙori, domin wanda ake yi wa yana nan a tsaye, jama'a sun san shi, kuma zai biya don a yi shiru. Akwai kuma zambon makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, wanda ake yi wa 'yan sarki masu jiran gado da sauran abokan hamayya. Ba a ambatar suna, sai a siffanta mutum da wata dabba ko wata tawaya, mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as. Irin wannan zambo komai zafinsa ba ya taɓa gadon sarauta. Hasali ma ƙara masa kwarjini yake yi, domin ana ƙasƙantar da masu nema ne don a ɗaukaka abin da ake nema.

A The White Lotus baƙi su ne 'yan sarki, otal shi ne sarki. Ana tona asirin baƙi ɗaya bayan ɗaya, amma teku da faɗuwar rana da wurin wanka da farantan abinci ba a taɓa nuna su da muni ba. Ba a ga inda sharar otal ke zuwa ba, ba a ga ɗakin kwanan ma'aikaci ba. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wajen wasan take. Dukkan zangunan uku an ɗauki babban ɓangarensu a otal-otal na kamfanin Four Seasons, kuma jaridu sun yi ta ba da labarin yadda masu neman ɗaki suka yi wa na Taormina ca bayan fitowar zango na biyu. Kafin na uku ya fito, kamfanin da hukumar yawon buɗe ido ta Tailan duk sun shiga haɗin gwiwa da masu wasan a fili. Ba a taɓa jin marowacin da ya ɗauki hayar maroƙin da ke zage shi ba. Sarki ne ke ba makaɗinsa doki da riga.

Wannan bai rage wa wasan daɗin kallo ba, kuma lambobin Emmy 10 da zangon farko ya ci a 2022 ba a banza aka ba shi ba. Wasan gauta ma, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, ana dariya ana kyauta, fasaha ce ta gaske. Abin da ba za a kira shi ba shi ne tawaye.

6.0 Baƙin Dagona

Zai zama rashin adalci a auna na wasu a bar na gida. Ƙasar Bade ma ta ga manyan baƙi. Tafkin Dagona da ke yamma da Gashuwa, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, ya karɓi Yarima Bernhard na Holan a 1987 da Yarima Philip na Ingila a 1989, daga baya kuma ya shiga cikin gandun ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. Tsuntsaye suka kawo waɗannan baƙi. A daidai wannan lokaci masunta da manoman shinkafa da makiyaya na fadamar suna fama da raguwar ambaliya tun bayan gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma tana tafe a 1992, daga baya kacalla ta toshe magudanan ruwa. Duk kayan wasan kwaikwayo suna nan: baƙo mai kyakkyawar niyya, da wuri mai kyan gani, da ɗan gari da ba a tambaye shi ba. Haka bikin kamun kifi na Gorgoram, inda manya ke zama a rumfa masunta suna cikin ruwa.

Da wani marubucin Kano zai ɗauki wannan labari, da wane harshe masuncin zai yi magana? Tarihin wasannin Hausa bai ba da ƙwarin gwiwa ba. Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni aka fara nunawa a tashar Arewa24 a 2019, ya yi wa attajiri marowaci da 'ya'yansa masu jiran gado zambo mai kyau, domin marubutan daga cikin gidan suke magana. Amma da zarar an zo kan wanda ba Bahaushe ba, tun daga Macukule na tashe har zuwa finafinan barkwanci na zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, abin da aka saba shi ne a sa Bagwari ko Babarbare ko Bafillace ya gurɓata Hausa a yi dariya. Harshensa na kansa ba a jin sa, sai karyayyar Hausarsa. A irin wannan wasa Hausa ce za ta zauna a kujerar Ingilishi, Badanci ya koma kiɗan maraba.

A Gashuwa wannan ba zato ba ne. Hausa ta shigo garin a matsayin harshen fatake, yau ita ce harshen kasuwa da tasha da wasan yara a unguwanni da yawa. Aikin binciken harsunan Yobe da Russell Schuh ya jagoranta ya fitar da ƙamusoshin Badanci guda biyu a 2004, ɗaya na karin Gashuwa, ɗaya na karin yamma, wanda shi ne ake yi a Dagona. Kowace kalma a cikinsu an fassara ta da Ingilishi da kuma Hausa.